Cibiyar shawarar shiga jami'a a Yamai: abin da na biya da abin da na samu

Watanni 18 ke nan da na fara kai 'yata wata cibiya mai zaman kanta a nan Yamai, wadda ke ba ɗaliban lise, wato babbar sakandare, shawara a kan zaɓen fanni da neman gurbi a jami'a, kuma take ba da darussan yamma ga masu shirin jarrabawar bak, wadda ake kammala lise da ita. Daga baya na haɗa da ɗan ƙanena da aka turo mini daga Tawa. Tun da 'yan uwa da abokan aiki suka ji labari tambaya ba ta yanke ba, kowa yana son ya san ko kuɗin da na kashe ya biya, ko kuwa wata sabuwar hanya ce ta tatsar iyaye. Ba zan ambaci sunan wurin ba, domin a bakina akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ba na son maganata ta zama talla ko ta zama ɓata suna. Irin waɗannan cibiyoyi sun yawaita a gari, saboda haka wanda ya karanta abin da na gani a wannan zai iya auna wadda ke kusa da shi.

Gidan haya ne mai ɗakuna uku, an kafa rumfar kwano a tsakar gida an jera bencina da allo. Wanda ya buɗe wurin tsohon malamin lissafi ne da ya daɗe yana koyarwa a lise kafin ya yi ritaya. Yara suna ce masa Mushe, wato Monsieur, ni kuwa Malam nake kiransa. Aikinsu kashi biyu ne, kuma kowane kashi da kuɗinsa. Na shawara na biya jika 10, wato sefa 10,000, aka buɗe wa yarinya fayil aka ba mu zama uku da Malam. Darussan yamma kuwa jika 15 ne a wata, kwana huɗu a mako, daga bayan la'asar zuwa magariba. Tun yanzu zan faɗi hukuncina a kan wannan rabo: jika 10 ɗin farko na cikin kuɗin da na fi jin daɗin kashewa a kan karatun 'ya'yana, jika 15 ɗin wata-wata kuwa rabinsu asara ce.

Ranar zaman farko na je da takardar sakamako ɗaya, ta ƙarshen ajin sagond, shekarar farko ta lise, domin ita ce mai kyau. Malam ya duba ta ya mayar mini, ya ce: "Alhaji, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A kawo mini duka, har da na shekarar BEPC." BEPC ita ce jarrabawar da ake ci kafin shiga lise. Sai da na koma gida na tono su daga cikin akwati. Da muka dawo ya shimfiɗa su a kan tebur bi da bi, ya ɗauki ma'auni ya rufe layin ƙasa inda ake rubuta matsakaicin maki, wanda muke kira mwayan, wato daidai wurin da idon kowane uba yake fara sauka. Mwayan ɗin yarinyar 13.40 ne cikin 20, kuma da shi nake taƙama a majalisa. Shi kuwa ya ɗauki fensir ya fitar da darussa huɗu kawai a gefen takarda, ya bi su zango bayan zango. Lissafi yana yawo tsakanin 10 da 11, bai taɓa wuce nan ba. Fizik da shimi 12. Ilimin halittu, wanda yara ke kira SVT, 15 har da 16. Faransanci 14. Ya juya ga yarinyar ya tambaye ta abin da take son zama, ta sunkuyar da kai ta ce likita. Ya sake tambayarta awa nawa take yi a kan aikin lissafi na gida, kuma ko ita kaɗai take gama shi ko sai an taimake ta. A nan ne na fara jin abin da ban taɓa sani ba game da ɗiyar da nake kwana gida ɗaya da ita, cewa 11 ɗin nan ma da kyar take samunsa, kuma sau da yawa sai ta kai tsakar dare a kansa.

Ni da niyyata na je, siri C, wato ɓangaren lissafi da fizik na lise, nake so ta shiga. Duk wanda ya yi lise a ƙasar nan ya san darajar da C take da ita. Ajin ba ya cika, malamai suna ji da 'yan cikinsa, kuma mai bak C ƙofofi da yawa a buɗe suke gare shi, tun daga injiniyanci har likitanci. Malam bai musa ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da ya yi shi ne ya nuna mini yadda ninki yake aiki, wato lambar da ake ninka makin kowane darasi da ita, wadda yara ke kira kowef. Ya ce mu ɗauka, don misali kawai, ana ninka lissafi sau 5 ana ninka tarihi sau 2. Yaron da ya samu 8 a lissafi ya yi asarar maki 10 daga abin da ake bukata, kuma kafin ya cike wannan rami da tarihi sai ya samu 15. A siri C lissafi da fizik ne suka fi nauyi, a D nauyin ya karkata ga ilimin halittu tare da sauran darussan kimiyya, a A kuwa falsafa da Faransanci da harsuna ne ke jan ragama. Saboda haka zaɓen siri zaɓe ne na darasin da za a ɗora wa yaro a ka ya ɗauka har ranar bak, kuma a C darasin da 'yata ta fi rauni a kai shi ne za a fi ninkawa.

Shawararsa ita ce ta shiga D. Da na nuna rashin gamsuwa ya faɗi maganar da ita ce ginshiƙin duk aikin cibiyar, cewa yaro ya ɗauki kaya mafi nauyi da zai iya kaiwa gida, kada ya ɗauki wanda zai yar a hanya, kada kuma ya zaɓi maras nauyi don a ce ya iso da wuri. A lissafinsa, idan ta shiga C za ta iya tsallake bak da 10 ko 11, wato ba tare da mansiyon ba, darajar yabon da ake ba mai maki da yawa, idan ma ba a kai ta zagaye na biyu ba. Idan ta shiga D kuwa tana iya neman 12, ko ma 14 idan ta dage. A tsarinmu 10 ne ke ba da bak, daga 12 ake samun mansiyon na farko, daga 14 na biyu, daga 16 kuma mafi girma, kuma wannan bambanci yana aiki a wurin neman bursu, wato tallafin karatu. Sanarwar guraben karatu a ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya, da ke fitowa ta hannun hukumar ANAB mai kula da bursu, takan zo da sharaɗin siri da na maki da na shekarun haihuwa. Tsangayar kimiyyar lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni ma tana karɓar mai C tana karɓar mai D, to mene ne amfanin wahalar da za ta rage wa yarinya maki a kan hanyar da D ma take kaiwa? Wannan tambaya ce ta kashe mini baki.

Ban so a fahimci cewa Malam mai tura yara ga sauƙi ne ba, domin a gabana ya yi akasin haka. Wata rana ina jiran layi na ji shi da wata uwa da ɗanta, yaron yana da 15 a lissafi amma yana son ya gudu zuwa D saboda abokansa duk can suka nufa, ita kuma uwar tana goyon bayansa don ta ji an ce a D zai fi fitowa da babban mwayan. Malam ya ce mata: "Hajiya, wannan yaron idan kika bar shi ya sauka, kin rufe masa ƙofar da mutane ke kuka a bakinta." Ya yi mata bayanin cewa makarantun injiniya irin su EMIG da ke nan Yamai, da makamantansu a waje, lissafi da fizik suke nema, kuma 13 a C ya fi 15 a wani siri amfani ga mai son wannan hanya, tun da mai duba takarda yana fara duba abin da aka karanta kafin ya duba makin da aka samu. Amsa biyu mabambanta ga gidaje biyu a mako ɗaya, kuma dukansu daga ma'auni ɗaya suka fito. Wannan ne ya sa na yarda cewa mutumin yana karanta takardun da aka kawo masa, ba hadda yake maimaitawa ba.

Labarin ɗan ƙanena ya sha bamban, kuma shi ne ya fi taɓa ni. Yaron ya fara sagond C a Tawa, da lissafi ya ɗan matsa masa sai mahaifinsa ya nema masa komawa A, bisa tunanin cewa muhimmin abu shi ne a samu bak ko ta wace ƙofa. A can ya yi fice, mwayan ɗinsa bai sauka daga 14 ba. Ya iso Yamai a farkon ajin tarminal, ajin ƙarshe na lise, da burin karanta harhaɗa magunguna a ƙasar waje, har wani dillali a gari ya riga ya yi wa mahaifinsa alkawarin gurbi idan aka ba shi wani abu. Na kai shi wurin Malam. Ya duba takardun ya yaba masa, sannan ya gaya masa ba tare da kwana-kwana ba cewa da bak A ba za a ɗauke shi a fannin magunguna ko likitanci ba, ko da 17 ya fito, domin shimi da ilimin halittun da ake ginawa a kai bai karanta su yadda ake bukata ba. Yaron ya yi shiru, ina kallon hannunsa yana murza gefen rigarsa. Ya ce: "Mushe, babu wata hanya?" Malam ya ce hanya ɗaya ce, ya koma baya ya sake ɗaukar siri D, abin da zai ci masa shekaru ya kuma iya fitar da shi daga sharaɗin shekarun bursu, ko kuma ya riƙe abin da ke hannunsa ya yi ƙarfi a kai. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma goran nan tun a sagond ya kamata a fafe shi.

A mota yaron bai ce uffan ba har muka iso gida, ni ma na ji haushin Malam a ranar, ina ganin da ya sassauta harshe. Daga baya na gane cewa gaskiyar nan ta hana ƙanena zuba kuɗi a hannun dillali. Sauran zama biyun Malam ya yi su ne a kan abin da mai bak A zai iya nema, ya kuma matsa masa a kan rubutun falsafa da Ingilishi. Yaron ya samu bak da mansiyon na farko, yanzu yana karatun shari'a a Jami'ar Djibo Hamani da ke Tawa, kusa da iyayensa. Yana da kyau a tuna cewa a zamaninmu jami'a ɗaya ce ta gwamnati a ƙasar, wato Abdou Moumouni ta yanzu da ke nan Yamai, wadda ta faro a 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi ta zama jami'a a 1973. Na Tawa da Maraɗi da Damagaram sun zama jami'o'i a 2010, na Agadas da Diffa da Doso da Tilaberi suka biyo a 2014. Malam ya san abin da ake koyarwa a yawancinsu, kuma ba ya raina su, abin da ba kowane mai ba da shawara a Yamai yake yi ba.

Wani abin da na ƙaru da shi shi ne bayaninsa a kan makin aji da makin bak. Ya ce akwai makarantu masu zaman kansu da hannunsu ke sake wajen ba da maki don iyaye su ji daɗi su sake biya, sai yaro ya shekara uku yana kawo 15 gida, ranar bak ya faɗo 9. Shi ya sa yake duba matsayin yaro a aji da yawan 'yan ajin da mafi girman mwayan da aka samu a cikinsa. Wanda ya zo na 4 cikin 60 da 12.50 a wurin malamai masu tsauri ya fi wanda ya zo na 20 da 14 a inda kowa ke da 14. Ya sa 'yata ta yi tsofaffin tambayoyin bak a gabansa da agogo, ya gyara da kansa, kuma makin da ya ba ta ya yi ƙasa da na makarantarta da kusan maki ɗaya da rabi. Ban ji daɗin ganin lambar ba, amma gara in gan ta a rumfar Malam da in gan ta a allon sakamako.

Game da karatu a waje, ilimin cibiyar ba ɗaya ba ne a kowace ƙasa. Hanyar Faransa Malam ya san ta ciki da bai, ya kuma nanata cewa a can takardun sakamakon piremiyar, wato ajin tsakiya na lise, da na tarminal ake karantawa tare da ra'ayin malamai da ke rubuce a gefensu, domin sau da yawa ana yanke hukunci tun kafin a zauna bak. Ma'ana, yaron da ya yi wasa da piremiyar yana jiran ya farka a tarminal ya riga ya bar tabo a fayil ɗinsa. Sai dai tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024 wannan hanya ta yi wuya, kuma ya faɗa mana haka bai ɓoye ba. A kan bursun gwamnatin Turkiyya ya nuna mana sharaɗin da ke rubuce: kashi 70 cikin 100 ga mai neman digirin farko, kashi 90 ga mai neman likitanci ko haƙori ko magunguna, kuma mai neman digirin farko kada ya kai shekara 21. Idan aka yi lissafin kai tsaye, 70 na nufin 14 cikin 20, 90 kuma na nufin 18, makin da duk wanda ya san yadda ake gyaran bak a nan ya san ba kasafai ake ganinsa ba. Ya ce wa 'yata kada ta ɗora burinta na likitanci a kan wannan ƙofa.

Inda cibiyar ta yi rauni ƙwarai shi ne ɓangaren Amurka, wanda wani matashi ma'aikacinsu ke kula da shi, kuma abin takaici shi ne wannan ɓangaren suka fi tallatawa a allon ƙofar gida. Bayaninsa na farko ba laifi. Ya nuna mana cewa jami'o'in can da yawa suna wallafa wata takardar bayanai mai suna Common Data Set, wadda a cikinta suke faɗin abin da suke ba muhimmanci wajen ɗaukar ɗalibi, kuma nauyin darussan da aka ɗauka a sakandare shi ne layin farko a jerin, tare da matsayi a aji da matsakaicin maki. A can ɗalibi da kansa yake zaɓen darussa masu wuya irin na AP, waɗanda ake ba jarrabawarsu maki daga 1 zuwa 5, kuma ana auna shi ne da abin da makarantarsa ke koyarwa, ba a hukunta shi don bai ɗauki darasin da babu shi a makarantar ba. Ga yaranmu, siri shi ne ke tsayawa a madadin wannan zaɓe. Ya kuma faɗi daidai cewa jarrabawar shiga jami'a ta SAT, mai maki daga 400 zuwa 1600, wadda jami'o'i da yawa suka sassauta a lokacin korona, jami'ar MIT ta dawo da ita a 2022, Harvard da wasu suka biyo baya a 2024. Har ya ba mu misalin jihar Texas, inda dokar 1997 ta ba kashi 10 cikin 100 na saman kowane aji damar shiga jami'o'in gwamnatin jihar, ko da yake babbar jami'arsu ta Austin ta taƙaita adadin daga baya.

Matsalar ta zo ne da ya ce zai mayar da makin 'yata zuwa ma'aunin Amurka mai tsayawa a 4. Ya ɗauki wayarsa ya raba 13.40 gida 5, ya rubuta 2.68 a fayil, ya ce da wannan sai ƙananan makarantu. Yarinyar ta dawo gida jikinta a sanyaye. Wani abokin aikina da ya yi karatu a can ne ya ankarar da ni cewa wannan lissafi kuskure ne babba, domin masu tantance takardun ƙasashen waje sun san cewa a tsarin maki 20 irin na Faransa 14 maki ne mai daraja ƙwarai, 12 da 13 ma ba abin rainawa ba ne, kuma abin da aka saba shi ne a aika takardun yadda suke tare da fassara a bar jami'a ko masu tantancewa su yi aikinsu. Na koma na faɗa wa Malam. Ya amsa kuskuren ya sa aka goge lambar, amma ina tunanin yara nawa aka rubuta wa irinta suka tafi da ita a zuciya. Haka kuma matashin bai taɓa buɗe maganar kuɗin makaranta da na zama da na biza ba sai da na tambaya, alhali ga mai albashi irin nawa samun gurbi ba tare da cikakken tallafi ba hangen Dala ne, ba shiga birni ba.

Nijeriya kuwa, wadda ita ce mafi kusa da mu kuma 'ya'yanmu da yawa suke nufa, daga Sakkwato zuwa Kano da Zariya, kusan babu abin da cibiyar ta tanada a kanta. Abin da suka iya gaya mini shi ne abin da kowa ya sani, cewa hukumar JAMB ce ke shirya jarrabawar shiga jami'a mai maki 400, kuma ana neman kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare har da Ingilishi. Wanda ya zo da ɗalibin makarantar Faransanci da Larabci ma, mai tunanin Jami'ar Musulunci ta Say da ta buɗe a 1986 ko jami'o'in ƙasashen Larabawa, zai koma da tambayoyinsa yadda ya zo da su. A gari irin Yamai wannan giɓi ne da bai kamata a ce yana nan ba.

Akwai kuma wani hali na Malam da ban yarda da shi ba, duk da girman da nake ba shi. Jinin lissafi ne ke gudana a jikinsa, kuma ko bai faɗa ba ana jin cewa a wurinsa siri A masauki ne na wanda kimiyya ta kora. Na taɓa ce masa ya gwada neman 14 a rubutun falsafa ya gani ko abu ne mai sauƙi, ya yi dariya ya ce ni ma da gaskiyata. Alƙalai da lauyoyi da 'yan jarida da malaman harshe da jami'an diflomasiyyar ƙasar nan da yawansu ta wannan ƙofa suka fito, kuma yaron da Allah ya ba baiwar harshe da rubutu ya cancanci a ce masa ya shiga A da ƙarfinsa tun farko, a nuna masa yadda zai yi fice a ciki. Cibiyar tana bukatar mutum na biyu daga ɓangaren adabi da zai zauna kusa da Malam a lokacin shawara.

Darussan yamma ba zan daɗe a kansu ba. An ce mana ba za a wuce yara 20 a aji ba, amma da watan Afrilu ya kama na ƙirga 37 a ƙarƙashin rumfar kwano, ga zafi, ga wuta tana ɗaukewa, injin da suke da shi kuma ba kullum yake da mai ba. Malamin fizik gwani ne kuma ba ya fashi. Na ilimin halittu an canza shi sau uku a shekara ɗaya, na Ingilishi kuwa karanta littafi kawai yake yi yara suna kwafa. An haɗa 'yan C da 'yan D a darasin lissafi ɗaya, abin da ya saɓa wa duk bayanin da Malam da kansa ya yi mini a kan bambancin nauyin da ke kansu. Sau biyu na biya kuɗi ba a ba ni rasit ba sai da na nace. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma a wannan ɓangare askin bai kai ladan ba.

Ga wanda ya tambaye ni ko ya kai ɗansa, amsata ta danganta da ajin da yaron yake. Idan ya gama BEPC ko yana sagond, a kai shi zaman shawara, a tafi da takardun sakamako duka har da munanan, kuma uba ko uwa su zauna a wurin su ji da kunnensu, domin rabin shawarar iyaye ake yi wa. Idan yana piremiyar, har yanzu akwai abin gyarawa a fayil. Idan ya riga ya shiga tarminal, abin da za a samu shi ne gaskiya a kan ƙofofin da suka rage da kariya daga dillalai, kuma wannan ma ya kai jika 10. A nemi zama da Malam da kansa, duk lambar da wani ya rubuta da sunan fassarar maki kuma a tambayi yadda aka same ta.

'Yata tana tarminal D yanzu. Ta gama piremiyar da 13.85, ta zo ta 5 a ajinsu, lissafinta ya hau zuwa 12 tun da nauyinsa ya daidaita da ƙarfinta, kuma ta daina kaiwa tsakar dare a kansa. Bak yana gaba, saboda haka ba ni da sakamakon da zan nuna in ce ga hujja. Na cire ta daga darussan yamma in ban da fizik, wanda na roƙa aka bar ni ina biyan jika 5 a kansa shi kaɗai. Malam ya ba mu rana a watan Fabrairu, ya ce mu zo da takardar zangon farko da takardar haihuwarta, za a zauna a jera guraben da za ta nema a gida da waje gwargwadon abin da takardar ta nuna.